Mikin da ya ƙi jin magani: nazarin jinyar wani direban aboboya a Kumasi

Mai jinyar da asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ɗan shekara 44 ne, mazaunin Aboabo a Kumasi, magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Sana'arsa tuƙa aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, tsakanin Kejetia da kasuwannin unguwannin Zango. Nauyinsa kilo 68 ne ranar da aka kwantar da shi. Ba shi da ciwon sukari ko hawan jini, kuma bai taɓa kwana a gadon asibiti ba. Abin da ya ambata kawai shi ne maruru da kan fito masa a hammata da cinya lokaci-lokaci, wanda yakan sayi kafso a shagon magani ya sha na kwana biyu ko uku har ya fashe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a rukunin da ke kula da hana yaɗuwar cuta a asibitin da aka kwantar da shi. Da farko tafinta aka kira ni in yi, domin matarsa da yayansa sun fi sakewa da Hausa fiye da Turanci ko yaren Twi, daga baya ne lamarin ya zama aikin rukuninmu kai tsaye. Iyalin sun amince a rubuta wannan bayani ba tare da suna ba. An ƙidaya kwanakin daga ranar haɗarin.

Rana ta 1 zuwa ta 4: kafin zuwa asibiti

Aboboyarsa ta kife da lodin buhunan albasa a wata gangara bayan ruwan sama, ƙarfen gefenta ya danne masa ƙafar dama. Ƙashin ƙwauri ya karye, tsininsa ya huda fata ya bar rauni mai tsawon santimita 4. 'Yan uwa suka kai shi wurin wani mai ɗori da unguwar ta daɗe da sani, aka ja ƙafar, aka ɗaure ta da kara da tsumma. A kan raunin kuwa aka buɗe kafso ja da rawaya aka barbaɗa garinsa, shi kuma yana haɗiyar amoksisilin sau biyu a rana, wata rana sau ɗaya. A rana ta 4 ƙafar ta kumbura, raunin ya fara wari, mai ɗorin da kansa ya ce wa yayan: “Alhaji, wannan karayar ta fi ƙarfin ɗori, tun da ƙashi ya ga waje. Ku kai shi asibiti yau.”

Rana ta 5 zuwa ta 11: tiyatar farko

An karɓe shi da zafin jiki digiri 37.9. Hoton ƙashi ya nuna karaya a tsakiyar ƙwauri. A daren aka shiga da shi tiyata, aka wanke raunin da ruwan gishiri na asibiti mai yawa, aka yanke naman da ya mutu, sannan aka kafa masa ƙarfen waje: ƙusoshi huɗu da suka ratsa fata suka shiga ƙashi, biyu sama da karayar biyu ƙasa, aka haɗa su da sanda a waje. An yi masa allurar tetanus, aka sa masa sefuroksim da metronidazol ta jijiya. Ba a ɗauki samfurin nama don gwaji ba, saboda katin inshorar lafiyarsa ya ƙare, kuma kuɗin da iyalin suka zo da shi ya tafi a kan ƙarfen.

Mako na farko ya yi kyau. Zazzaɓi ya sauka, kumburi ya ragu, raunin ya yi ja mai kyau. Gadonsa na cikin jerin gadaje takwas na maza masu karaya, kuma kowace safiya teburin wankin miki mai taya yakan bi gadajen ɗaya bayan ɗaya daga bakin ƙofa zuwa ƙurya. Nasa ne na shida.

Rana ta 12 zuwa ta 20: ana canza magani, ciwo na ƙaruwa

A rana ta 12 gindin ƙusa ta biyu ya yi ja, ya fara fitar da mugunya mai kauri, rawaya-rawaya, zafin jiki ya kai 38.6. Likitan da ke zagaye ya yi zargin ƙwayar istaf, kuma zarginsa na kan hanya, domin ita ce kan gaba wajen ruɓar da mikin tiyata da ƙashi. Ya sa fulukulosasilin ta jijiya sau huɗu a rana, wanda shi ne maganin da aka saba kashe istaf da shi. Aka ƙara yawan wankin mikin zuwa sau biyu a rana, da ruwan wanke miki mai ɗauke da kulohezidin da setirimaid.

Bayan kwana huɗu babu sauƙi. Mugunya ta bayyana a babban raunin ma, wanda a da ya fara haɗewa. A rana ta 16 aka dangwali saman mikin da auduga aka kai ɗakin gwaji, amma an ɗauka ne jim kaɗan bayan an wanke shi, sakamakon ya dawo da cewa ƙwayoyi iri-iri ne na fata suka tsiro, babu wadda za a kama. Aka koma seftiriyazon, aka haɗa da sifurofuloksasin. A rana ta 19 matarsa ta tare ni a baranda, ta ce: “Anti, kullum sai a ce an kawo wanda ya fi na jiya ƙarfi, ni kuma Maigida kullum ramewa yake yi. Ko dai ba ciwon asibiti ba ne?” A lokacin wasu dangi sun fara maganar a mayar da shi gida a nemi na gargajiya. A rana ta 20 zafin jiki ya kai 39.4, bugun zuciya 118 a minti, ƙusa ta biyu ta fara girgiɗi in an taɓa ta.

Rana ta 21 zuwa ta 23: abin da gwaji ya nuna

Babban likitan ƙashi ya ce ba za a sake canza magani da ka ba. Yayan ya karɓo rance ya biya kuɗin gwaji. Aka ɗebi jini kwalba biyu, sannan a ƙaramar tiyata aka buɗe raunin aka ɗauko nama daga can ciki kusa da ƙashi, wuri uku daban-daban. Jinin bai tsirar da komai ba. Naman kuwa, duka ukun sun tsirar da ƙwaya iri ɗaya, mai launin zinariya a kan faranti, wadda a madubin ƙara girma take cure-cure kamar nonon inabi.

Wannan ita ce Staphylococcus aureus, wato istaf ɗin da likita ya yi zargi, wadda likitan tiyata Alexander Ogston ya gano a cikin mugunya a Aberdeen ta ƙasar Sukotland a 1880. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci ko a fata ba tare da ta yi masa komai ba, sai ta sami ƙofa, kamar yanka ko ƙusa ko allurar ƙarin ruwa. A kan farantinta ne Alexander Fleming ya lura da fenisilin a 1928, kuma tana cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya yadda ƙwayar cuta ke kuɓuce wa magani: cikin 'yan shekaru da fara amfani da fenisilin a asibitoci, ta samo sinadarin da ke farfasa shi. Aka ƙero metisilin a 1959 don ya tsallake wannan dabara, a 1961 aka ba da rahoton irin da ya bijire masa a Ingila. Shi ne ake kira MRSA har yau, ko da yake an daina amfani da metisilin ɗin kansa.

A ɗakin gwaji ana gane ta ne da ƙaramar takarda mai ɗauke da maikurogiram 30 na sefoksitin, a ɗora a kan farantin da aka shuka ƙwayar, a bar shi ya kwana a ɗumi. Idan filin da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen takardar ya kai milimita 22 ko fiye, magani na cin ta. Idan 21 ne ko ƙasa, ta bijire. Na wannan bawan Allah milimita 13 ne.

Bayanin da na yi wa iyalin a ranar shi ne wannan. Ƙwayar istaf tana rayuwa ne cikin katangar da take gina wa kanta, kuma fenisilin da danginsa suna aiki ta hanyar riƙe hannun maginan katangar har ta rushe. Irin da ake kira MRSA yana da wata ƙwayar gado, wato ƙwayar halitta da ake gada, mai suna mecA, wadda ke samar da wani magini na daban da maganin ba ya iya riƙe hannunsa, don haka gini na ci gaba ko da jinin mutum cike yake da magani. Amoksisilin na shago, sefuroksim, fulukulosasilin da seftiriyazon duk 'yan gida ɗaya ne, hannu ɗaya suke nema su riƙe. Yayan ya yi shiru, sannan ya ce: “Ashe suna kawai muke canzawa.”

Sauran sakamakon ya nuna ta bijire wa sifurofuloksasin da eritiromaisin da tetirasaikilin. Kilindamaisin da farko ya yi kamar zai ci ta, amma da aka ajiye takardarsa kusa da ta eritiromaisin sai filin da ke kewaye da shi ya baje ta gefe ɗaya ya yi siffar harafin D, alamar cewa ƙwayar na iya farkar da kariyarta ana tsakiyar magani. Wannan gwaji mai araha ya hana mu faɗawa rami na biyar. Magungunan da suka rage su ne bankomaisin, linezolid da kotirimoksazol, wanda mutane suka fi sani da Septrin.

Rana ta 23 zuwa ta 29: bankomaisin da iyakarsa

An fara bankomaisin giram 1 kowace awa 12 ta jijiya, bayan an auna aikin ƙoda, kuma ana maimaita awon duk bayan kwana biyu ko uku domin maganin na iya taɓa ƙoda. Dole ya shiga a hankali, ba ƙasa da awa guda ba. A daren farko ruwan ya zuba da sauri, fuskarsa da wuyansa suka yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, iyalin suka firgita suka ce maganin bai karɓe shi ba. Aka dakatar, aka rage gudun ruwan, abin bai sake faruwa ba.

Babu maganin a kantin asibitin a makon, sai an saya a waje, kuma kuɗin na yini ɗaya ya fi abin da aboboya ke kawo masa a kwana biyu. Sau biyu aka tsallake lokaci saboda kuɗi bai haɗu ba. Ranar Juma'a limamin masallacin unguwarsu ya yi sanarwa bayan salla, abokan sana'arsa su ma suka yi karo-karo, daga nan ba a sake tsallakewa ba.

Zazzaɓi ya sauka zuwa 37.6 cikin kwana uku, ya fara cin abinci. Amma mugunya ba ta tsaya ba. Sabon hoto a rana ta 28 ya nuna ƙashi ya zaizaye a kewayen ƙusoshi biyu, da wani ɗan guntun ƙashi da ya rabu ya yi fari fat. Istaf na da halin manne wa ƙarfe da mataccen ƙashi, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi kamar gansakukar da ke kama cikin randa. Ƙwayoyin da ke cikin wannan yauƙi ba sa saurin hayayyafa, magani ba ya ratsa su sosai, mataccen ƙashi kuma jini ba ya kai masa balle ya kai magani.

A makon nan dai: binciken ɗakin jinya

Ranar da sakamakon ya fito aka mayar da shi gadon ƙurya, aka ware masa kayan awo nasa, aka koma wanke mikinsa a ƙarshe. Muka duba littafin ɗakin gwaji na watanni biyu baya, muka sami wasu majinyata biyu a jerin gadajen nan masu MRSA da ta bijire wa magunguna iri ɗaya sak da tasa. Ɗaya yana gado na huɗu, an kwantar da shi makonni uku kafin zuwan direban, ɗayan yana gado na bakwai. Sakamakonsu ya shiga fayil ɗinsu, amma babu wanda ya haɗa ukun wuri guda.

Na yi safiya uku ina bin teburin wankin miki, ina rubuta abin da na gani kawai. Ana siyo ruwan wanke miki mai kauri ne a galan, a tsarma shi da ruwa a zuba a wata babbar kwalba. Ba a aunawa, da ido ake kallon launi, kuma idan wata ya yi nisa galan ya kusa ƙarewa launin yakan ƙara dusashewa. Idan kwalbar ta yi rabi sai a ƙara sabo a kan tsoho, ba a juye ta a wanke ba, babu kwanan wata a jikinta. Ana tsoma curin auduga a kwano tun da sassafe a yi ta ɗiba har azahar. Hantsakin ɗauko kaya yana tsaye cikin wani gwangwanin wannan ruwa dare da rana. Da shi kuma ake goge saman teburin da katifar roba idan an sallami majinyaci. Ma'aikata suna canza safar hannu tsakanin gado da gado, amma sau da yawa ba sa shafa sinadarin giya na tsaftace hannu bayan sun cire ta, domin kwalba ɗaya ce tak a ɗakin, tana can teburin nas-nas. Ma'aikata biyu ne ke wanke mikin mutum fiye da ashirin kafin likitoci su fara zagaye, kuma ban ga ko ɗaya cikinsu yana wasa da aikinsa ba.

Kulohezidin ya shiga asibitoci tun 1954, kuma har yau yana cikin abubuwan da aka fi dogara da su wajen tsaftace fata. Yana kashe ƙwaya ta hanyar lalata fatarta. Sai dai wasu nau'o'in istaf suna ɗauke da ƙwayoyin gado da ake kira qacA da qacB, waɗanda ke ƙera wani ƙaramin famfo a jikin ƙwayar mai kwarfar da kulohezidin da setirimaid da danginsu waje, kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale. Waɗannan ƙwayoyin gado suna yawo ne a kan wasu ƙananan zobba na gado da ƙwaya ke iya miƙa wa 'yar uwarta, kuma sau da yawa zoben guda na ɗauke da kariya daga wasu magungunan sha da na allura. Ma'ana, duk abin da ya tace masu famfo ya bar su, yana iya tace masu bijire wa magani tare da su.

Akwai bambanci babba tsakanin wannan da abin da mecA ke yi. Bijirewar MRSA ga dangin fenisilin da aka ba shi cikakkiya ce, ko an ninka maganin ba zai yi ba. Famfon kuwa ƙarfinsa ƙayyadadde ne. Kulohezidin mai ƙarfin kashi 2 ko 4 cikin 100 ya ninka abin da famfon ke iya kwarfewa sau dubbai, don haka idan an yi amfani da shi yadda ya kamata yana kashe masu famfon ma. Inda famfon ke amfanar ƙwayar shi ne inda sinadarin ya raunana: an tsarma shi fiye da kima, ya kwana ya tsufa, auduga ta tsotse ƙarfinsa, jini da mugunya sun gauraya da shi, sabulu ya karya shi, ko an goge shi kafin ya daɗe a kan fata. Duk waɗannan mun same su a kan teburi ɗaya. Sinadarin giya da bilic kuwa famfon ba ya iya musu komai, domin hanyar kisansu daban ce.

Gyaran da aka yi bai ci kuɗi mai yawa ba. An daina wanke buɗaɗɗen miki da wancan ruwa, aka koma ruwan gishiri na asibiti. An zubar da gwangwanin hantsaki, kowane miki ya sami ƙunshin kayansa da aka dafa a tukunyar tururi. Abin da za a tsarma ana auna shi da kofi mai lamba, a ƙaramar kwalba da aka wanke ta bushe, a rubuta rana, a zubar da ragowar. Goge teburi da katifa da ƙarfen gado ya koma bilic, wanda mutanen Kumasi ke kira parazon: daga mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kofi 1 a kofi 49 na ruwa don shafe-shafen yau da kullum, kofi 1 a kofi 9 inda jini ko mugunya ya zuba, kuma sabo ake haɗawa kowace safiya. An rataya kwalbar sinadarin giya a jikin teburin da ƙarshen kowane gado na biyu, ana murza hannu daƙiƙa 20 zuwa 30 kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Majinyatan uku aka haɗa su a gefe ɗaya.

Rana ta 30 zuwa ta 46: tiyata ta biyu da wanka biyu

A rana ta 30 aka koma tiyata. An cire ƙusoshi biyun da suka yi girgiɗi, aka kankare ramukansu, aka ciro mataccen ƙashi mai tsawon kusan santimita 2, aka yanke nama har inda jini ke tsattsafowa, aka kafa sababbin ƙusoshi a lafiyayyen wuri nesa da na da. Cikin kwana biyar mugunya ta ƙafe. Maganin bai canza ba, bankomaisin ɗin nan ne dai na makon jiya.

Gwajin hanci da hammata da matsematsi ya nuna yana ɗauke da ƙwayar a fatarsa, don haka aka tsara masa kwana biyar na man mufirosin mai kashi 2 cikin 100 a hanci sau biyu a rana, da wanka da kulohezidin mai kashi 4. Da aka sake gwadawa, hanci ya fita amma matsematsi na nan da ita. Na zauna da matarsa, wadda ita ke yi masa wankan, na roƙe ta ta nuna mini yadda take yi. Sai ga shi tana zuba murfi ɗaya a bokitin ruwa domin kwalbar ta kai kwana biyar ɗin har ta yi saura, sannan ta bi da sabulun salo saboda a ganinta abin da ba ya kumfa sosai ba ya fitar da datti. Ta yi abin da kowace mai tattali za ta yi, kuma mu ne muka miƙa mata kwalba ba tare da mun nuna mata ba. A karo na biyu aka jiƙa jiki, aka shafa sinadarin kai tsaye ba tsarmi, aka bar shi minti biyu kafin a ɗauraye, ba sabulu, ana canza zanen gado da tawul da riga kullum. Gwaji uku a jere bayan haka ba su nuna komai ba.

A rana ta 44, bayan mako uku na bankomaisin, aka mayar da shi kan kotirimoksazol na sha. Kafin nan an gwada jininsa don ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma kuma mai shi na iya samun fashewar ƙwayoyin jini idan ya sha irin wannan magani. Nasa lafiya lau. An sallame shi a rana ta 46.

Wata na biyu zuwa na bakwai

Ya ci gaba da shan maganin har ya cika mako takwas daga tiyata ta biyu, yana zuwa awon ƙoda da jini. Yayansa ne ya riƙe maganin yana ba shi bayan sallar asuba da bayan magariba, kuma ba a tsallake ko sau ɗaya ba. An cire ƙarfen waje a wata na biyar, aka sa masa filasta na makonni shida. A wata na bakwai yana takawa ba sanda, ƙafar ta gajarta da kusan santimita 1, idon sawu bai gama sakewa ba. Babu mugunya, babu zazzaɓi. An sayar da aboboyar don biyan bashi, yanzu ta wani yake tuƙawa.

Ƙwayoyin majinyatan uku da muka adana an aika da su wani ɗakin bincike na jami'a, sakamakon ya iso bayan an sallame shi. Duka ukun na da mecA da qacA/B, kuma babu ɗaya mai gubar PVL. Wannan guba ita ce ke da alaƙa da maruru mai dawowa, kuma binciken da masanan Cibiyar Noguchi ta Legon suka yi da abokan aikinsu na Denmak ya same ta a fiye da rabin ƙwayoyin istaf da aka tattara daga marasa lafiya a Ghana. A watanni uku da suka biyo bayan gyaran teburin, ba a sami sabon mai MRSA a jerin gadajen nan ba.

Hukunci

A ganina a ɗakinmu ya kamu da wannan ƙwaya. Mikinsa ya yi mako guda yana warkewa kafin ya juya, mai gado na huɗu ya riga shi kamuwa, teburin na isa gadonsa bayan ya baro wancan, kuma ƙwayoyin uku sun yi kama a duk abin da aka auna. Kwana huɗun da ya yi a gida sun ɓata raunin, kafson da ya saba sha ba bisa ƙa'ida ba ɗabi'a ce da ke renon ƙwayoyi masu taurin kai a cikin al'umma, kuma ina faɗa wa mutanenmu haka a duk inda na samu dama. Amma ba daidai ba ne a ɗora wa mai ɗori ko shagon magani abin da ya faru daga rana ta 12.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne kwana tara da aka yi ana canza magani ba tare da ingantaccen samfuri ba. An guje wa kuɗin gwaji don a sauƙaƙa wa iyalin, sai suka biya magunguna uku da ba su yi komai ba, da ƙarin makonni a gado, da tiyata ta biyu. Da an ɗauko nama daga ciki a rana ta 12, da an san sunan ƙwayar a rana ta 14, wataƙila kafin ta kama ƙashi. Bankomaisin ya hana cutar bazuwa cikin jiki, amma cire ƙusoshi da mataccen ƙashi ne ya ba shi damar gama aikinsa.

Game da ruwan wanke miki, ba na cewa kulohezidin ya daina aiki, domin shi ne ya raba mutumin nan da ƙwayar a wanka na biyu, alhali tana da famfonta. Mu ne muka raunana shi har ya koma matata, yana kashe masu rauni yana barin masu famfo, kuma launinsa da ƙamshinsa suka sa hankalinmu ya kwanta muka yi sakaci da tsaftace hannu. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ta nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani, fiye da 100,000 daga cikinsu ta dalilin MRSA, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ghana ta ƙaddamar da manufarta da tsarin aikinta na yaƙi da wannan matsala a 2018. A ɗakinmu, abin da aiwatar da wannan tsari ya buƙata shi ne kofi mai lamba, alƙalamin rubuta rana a jikin kwalba, da mutum ɗaya da aka ɗora wa duba littafin ɗakin gwaji kowace Litinin. Wannan aiki na ƙarshe yanzu yana hannuna. Buƙatar da muka miƙa wa hukumar asibitin, ta a ware ɗan asusu don gwajin mikin marasa hali da kuma ajiye bankomaisin a kanti, tana jiran zaman kasafin kuɗi na gaba.